TARIHIN KWAMFUTA: Rikicin Memori 640K, Da Yadda COMMAND.COM Ke Barin Kujerarsa

Yau tarihi za mu taɓa, amma irin tarihin da zai yi maka amfani a kan kwamfutar da ke gabanka da wayar da ke hannunka.

Idan ka taɓa sayen sabuwar laftof a kwali, ka kunna, maimakon Windows sai ka ga baƙin allo da alamar C:\> tana jiranka, to ka haɗu da jikan abin da za mu yi magana a kai. Wannan FreeDOS ne, kamfanoni irin su HP da Lenovo kan sa shi a wasu kwamfutocinsu don kuɗin ya sauko. Mutane da yawa suna ɗauka kwamfutar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Haka kwamfutocin DOS suke buɗewa a da, kuma abin da ke bayan wannan alama yana da labari.

WAYE COMMAND.COM?

Ka ɗauki kwamfuta a matsayin babban gida. Kai baƙo ne a zaure, ba ka shiga ciki. Akwai ɗan aike da ke tsaye yana jiran ka faɗi buƙatarka: ka ce DIR ya kawo maka jerin fayiloli, ka ce COPY ya kwafa, ka rubuta sunan manhaja ya je ya taso ta. A tsarin DOS sunan wannan ɗan aike COMMAND.COM.

Tun kafin DOS akwai tsarin CP/M da Gary Kildall ya rubuta a 1974, wanda ke aiki a kan injuna masu memori 64KB kacal. Ɗan aiken CP/M sunansa CCP. A 1980 wani injiniya mai suna Tim Paterson ya rubuta 86-DOS a kamfanin Seattle Computer Products a Amurka, yana bin salon CP/M. Microsoft ta saye shi a 1981, shi ne ya zama MS-DOS. Ranar 12 ga Agusta 1981 IBM ta fitar da kwamfutarta ta IBM PC da wannan tsari a kai.

INA 640K YA FITO?

Furosesan da ke cikin IBM PC shi ne Intel 8088. Yana da layukan adireshi guda 20, wato iyakar memorin da zai iya kira da suna shi ne 1MB, ko ka ce 1024KB. IBM ta raba wannan fili gida biyu. 384KB na sama ta ware wa allo da BIOS da katunan da ake sakawa a cikin injin. 640KB na ƙasa ta bar wa DOS da duk manhajar da za ka buɗe.

A lokacin wannan fili ne mai faɗi, don mafi arhar IBM PC da 16KB take zuwa. Amma ka auna da yau: wayar da ke da RAM 2GB ta ninka 640KB fiye da sau 3,000, kuma hoto ɗaya da za ka ɗauka da kyamararta yakan fi ƙarfin filin gaba ɗaya. Akwai maganar da ake yawo da ita cewa wai Bill Gates ya ce 640K ya ishi kowa. Shi da kansa ya musanta, don haka kada ka ƙara yaɗa ta.

To a wannan ɗan fili DOS zai zauna, ɗan aike zai zauna, direbobin maus da firinta za su zauna, sannan manhajarka ta zo neman wuri. Daga nan rikicin ya taso.

YARON MOTA DA KUJERARSA

Duk wanda ya taɓa shiga bas daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ya san halin yaron mota. Idan fasinja ba su cika ba, yana zaune a kujera kamar kowa. Da zarar mota ta cika, sai ya miƙe ya bayar da kujerar ya maƙale a bakin ƙofa. In an sauke mutum a Udawa ko Buruku, ya koma ya zauna.

Haka COMMAND.COM yake yi. An raba shi kashi uku. Kashi na farko aikinsa tashin kwamfuta ne kawai, ya karanta fayil ɗin AUTOEXEC.BAT ya gama, a watsar da shi. Kashi na biyu ɗan ƙarami ne, yana zaune a ƙasan memori ba ya motsi, shi ne mazauni. Kashi na uku shi ne babba, a cikinsa DIR da COPY da TYPE da sauran umarnin cikin gida suke, kuma ana ajiye shi can ƙololuwar 640K. Wannan shi ne kujerar. DOS ba ya lissafa wurin a matsayin wanda aka kama, saboda haka duk manhajar da ke buƙatar fili tana iya hawa kansa ta murƙushe shi.

Idan ka rufe manhajar, mazauni zai yi wani ɗan lissafi a kan abin da ke ƙololuwa ya gani ko yana nan yadda ya bar shi. In lissafi ya yi daidai, sai alamar umarni ta dawo nan take. In bai yi ba, sai ya je faifai ya sake ɗauko kashi na uku. CCP na CP/M ma haka yake ba da wurinsa, daga can aka gaji dabarar.

Dabara ce mai kyau, amma ka tuna kwamfutocin farko ba su da had-disk. Da faifan fulofi ake tashi, na inci 5.25 da abin da yake ɗauka bai wuce 360KB ba. Ka tashi kwamfuta da faifan DOS, ka zare shi, ka sa faifan manhajarka, ka yi aiki, ka rufe. Sai mazauni ya duba faifai bai ga abin da yake nema ba, ya rubuta maka "Insert disk with COMMAND.COM in drive A", wato mayar da faifan da ɗan aike yake ciki. Idan ka sa faifan abokinka mai wani zubin DOS daban, sai ya ce "Invalid COMMAND.COM". Idan abin ya ƙi gaba ɗaya, sai ka ga "Cannot load COMMAND, system halted", shi kenan sai an kashe an kunna. Adireshin da mazauni ke bi don nemo kansa yana cikin wani suna da ake kira COMSPEC. Ka buɗe cmd a Windows ɗinka yanzu ka rubuta echo %COMSPEC% za ka ga har yau sunan yana nan.

JAKAR ƊAN AIKE

Ɗan aiken yana rataye da wata 'yar jaka da Turawa ke kira environment. A ciki yake ajiye bayanai irin su PATH, wato jerin wuraren da zai duba in ka kira manhaja, da PROMPT da COMSPEC. A tsofaffin DOS girman jakar bayit 160 ne, daga DOS 5 ta koma 256. Bayit ɗaya harafi ɗaya ne fa. Ka ƙara layi biyu ko uku sai ka ji "Out of environment space". Maganinsa shi ne a shiga CONFIG.SYS a rubuta:

SHELL=C:\COMMAND.COM /E:1024 /P

Wannan ya faɗaɗa jakar zuwa bayit 1024.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne, duk manhajar da ɗan aike ya taso, kwafin jakar yake ba ta. Ainihin jakar tana hannunsa. Saboda haka in manhajar ta canza wani abu a cikin kwafinta, da ta rufe canjin ya bi ruwa. Wannan ɗabi'a tana nan har gobe. Gwada da kanka a cmd, layi bayan layi:

set GARI=BirninGwari
cmd
set GARI=Kaduna
exit
echo %GARI%

Amsar da za ka gani ita ce BirninGwari. Kadunar da ka rubuta ta shiga jakar yaro ne, ta tafi tare da shi.

Haka kuma layin umarni a DOS bai wuce haruffa 127. Dalili kuwa, kowace manhaja ana yi mata ɗan kan takarda na bayit 256 a gabanta, rabin ƙarshe na wannan kan takardar, bayit 128, shi aka ware don abin da ka rubuta. Shi ya sa mutanen da suka yi zamanin DOS suke son gajerun sunayen folda.

MASU KAFA RUMFA SU ƘI TASHI

DOS aiki ɗaya yake yi a lokaci guda. Amma masu wayo sun gano hanyar da manhaja za ta ce ta gama alhali ta bar wani sashenta a memori yana jiran a danna wani maɓalli. Ana kiran irinsu TSR. Wadda ta fi suna ita ce SideKick ta kamfanin Borland a 1984, mai kawo kalkuleta da ɗan littafin rubutu a tsakiyar duk aikin da kake yi. Direban maus, da PRINT na DOS, da DOSKEY mai tuna umarnin da ka rubuta a baya, duk 'yan wannan gida ne.

Daga DOS 2.0 a 1983, memori yankuna-yankuna ake raba shi, kowane yanki da ɗan tambarinsa na bayit 16 da ke nuna mai shi da girmansa, suna jere kamar sarƙa. Tambarin kowane yanki yana farawa da harafin M, na ƙarshe kuma da Z. Waɗannan haruffa biyu su ne kuma ke farkon kowane fayil na EXE har a Windows na yau, kuma farkon sunan injiniyan Microsoft Mark Zbikowski ne. Idan wata manhaja mai ganganci ta yi rubutu a kan tambari ɗaya, sarƙa ta tsinke, sai ka ga "Memory allocation error" kwamfuta ta tsaya cik.

Ga kuskuren da ya ci mutane da yawa. Kana cikin WordPerfect ko Lotus 1-2-3, sai ka yi amfani da hanyar leƙawa DOS ba tare da ka rufe su ba. Suna nan zaune a memori, an buɗe maka ɗan aike na biyu a samansu. A nan sai ka tayar da TSR, misali PRINT. Ka rubuta EXIT ka koma, ka gama aiki ka rufe. Yanzu babbar manhajar ta tashi, amma TSR ɗin yana tsakiyar fili kamar wanda ya kafa rumfa a tsakiyar hanyar kasuwa. Fili yana nan, sai dai ya rabu biyu, kuma manhajar DOS yanki ɗaya a haɗe take nema. Ka kira wata babbar manhaja sai a ce maka ba wuri. Dokar masana ita ce: wanda ya shigo a ƙarshe shi zai fara fita. Suna kuma sa TSR a saman AUTOEXEC.BAT kafin layukan SET da PATH, tunda kowane TSR yana riƙe kwafin jaka, gara ya karɓe ta tun tana fayau.

Ƙarancin memori ne kuma ya sa ɗan aike ba ya haddace fayil na BAT. Layi ɗaya yake karantawa, ya aiwatar, ya koma faifai ya ɗauko na gaba. In ka zare faifan a tsakiya, sai ya tsaya yana roƙon ka mayar. Haka in ka rubuta DIR | MORE, DOS ba zai iya tafiyar da biyun tare ba, sai ya zuba sakamakon DIR a wani fayil na wucin gadi a kan faifai sannan ya miƙa wa MORE. Faifan da aka kulle daga rubutu ko wanda ya cika, wannan ɗan umarni ma ba zai yiwu a kansa ba.

NEMAN FILI A SAMAN RUFI

Da Lotus 1-2-3 ya shiga ofisoshi, tebura suka yi girma, 640K ya kasa. A 1985 Lotus da Intel da Microsoft suka fito da tsarin EMS: a sa ƙarin memori a kati, a buɗe taga mai faɗin 64KB a filin sama, a riƙa leƙo shi shafi-shafi, kowane shafi 16KB. Kamar rumbu ne mai ƙaramar ƙofa, hatsi na da yawa amma kwano-kwano ake ɗebowa.

Sai labarin layi na 21. A tsohon 8088, in lissafin adireshi ya wuce 1MB, sai ya zagayo ya dawo sifili, kamar mitar mota da ta cika. Wasu manhajoji sun dogara da wannan zagayowa. Da IBM ta fitar da kwamfutar AT a 1984 da furosesa 80286 mai iya wuce 1MB, zagayowar ta daina faruwa, tsofaffin manhajoji suka fara faɗuwa. Sai IBM ta sa wata ƙofa a kan layin da ake kira A20, ta ɗora alhakin buɗe ta da rufe ta a kan ɗan guntun da ke kula da kibod. Daga baya aka lura cewa in an buɗe ƙofar, DOS na iya taɓa ƙarin bayit 65,520 a saman 1MB. Wannan ɗan soro shi ne HMA.

DR DOS 5.0 na kamfanin Digital Research ya fara kwashe kayansa zuwa sama a 1990, MS-DOS 5.0 ya biyo baya a 1991 da layin DOS=HIGH,UMB da umarnin LOADHIGH da DEVICEHIGH. Da taimakon HIMEM.SYS da EMM386, mutum na iya samun fiye da 600KB a sake. A 1993 MS-DOS 6 ya zo da MEMMAKER mai yi maka wannan jeren da kansa. Wasu kuma sun sauya ɗan aiken ɗungurungum da 4DOS, wanda ya fito a 1989, mai kwashe kansa zuwa faifai ko ƙarin memori in manhaja ta shigo.

Abin dariya, samun fili ma ya zo da tasa matsalar. Da DOS ya koma sama, manhajoji suka riƙa sauka a cikin 64KB na farko. Wasu da aka matse da EXEPACK sai suka riƙa cewa "Packed file is corrupt" alhali fayil ɗin lafiya lau yake. Maganin da Microsoft ta kawo shi ne LOADFIX, wanda aikinsa kawai ya cinye wannan 64KB ɗin da gangan kafin manhajar ta shigo. An sha wahala an share fili, an dawo ana cike shi da hannu.

YADDA ABIN YA SAME MU A NAN

Gwamnatin Najeriya ta fitar da manufar koyar da kwamfuta a makarantu a 1988, kuma a shekarun 1990 shagunan buga takardu da makarantun koyon kwamfuta suka yawaita a Kaduna da Zariya da Kano. Ɗan Birnin Gwari da ke son koyo a lokacin galibi sai ya kama hanyar birni. Darasin farko MS-DOS ne, sannan WordStar ko WordPerfect 5.1, da Lotus 1-2-3, da dBASE. Ka tambayi duk wani dattijon akawu ko sakatare da ya yi wannan zamani, zai ba ka labarin baƙin allo.

Abu biyu sun fi cizon mutanenmu. Na farko wutar NEPA. Akwai manhajar SMARTDRV da ke riƙe abin da ka adana a memori na ɗan lokaci kafin ta rubuta a faifai, don aiki ya yi sauri. A MS-DOS 6.0 kana iya ganin alamar C:\> ta dawo ka ɗauka an gama, alhali rubutun bai sauka ba. In aka ɗauke wuta a wannan tsakani, aikin ya tafi. Masu hankali kan rubuta SMARTDRV /C kafin su kashe inji, kuma a zubi na 6.2 Microsoft ta gyara ta yadda alamar ba ta dawowa sai an gama rubutawa.

Na biyu bairos, da ke bin fulofi daga shago zuwa shago. Bairos ɗin Brain ya fito daga Lahore ta Pakistan a 1986, Stoned kuma daga New Zealand a 1987. Irin waɗannan sukan ɓoye a ƙololuwar 640K su rage lambar da BIOS ke faɗa wa DOS, don kada a hau kansu. Shi ya sa masu gyara ke rubuta CHKDSK su duba jimillar memori. 640KB daidai yake da bayit 655,360. In suka ga 653,312, wato 2KB ya ɓace, sai su fara zargin Stoned. Akwai ma bairos ɗin Lehigh na 1987 da COMMAND.COM kansa yake kamawa.

ME ZA KA ƊAUKA DAGA WANNAN?

Na ɗaya, ka kula da PATH a Windows. Umarnin setx yana yanke duk abin da ya wuce haruffa 1024, kuma mutane da yawa sun lalata PATH ɗinsu da shi wajen girka Python ko Java ko kayan filashin waya. Kafin ka taɓa, rubuta echo %PATH% > path.txt ka ajiye kwafi, sannan ka yi gyaran ta tagar Environment Variables. In ka gama ka rufe cmd ka buɗe sabo, domin tsohon yana riƙe da tsohuwar jaka.

Na biyu, wayarka ma yaron mota gare ta. Kana cikin manhajar banki, ka fita ɗauko lambar sirri a saƙo, ka dawo ka tarar ta koma farko. Android ce ta ga RAM ya cika ta kori wadda ke baya, da ka dawo ta sake lodo ta. A wayar da ke da 1GB ko 2GB, ka rufe Facebook da TikTok kafin ka fara tura kuɗi, kuma ka karanta lambar daga sanarwar da ke saukowa a saman allo ba sai ka fita ba. A inda netwok ke wahala kamar ƙauyukan gefen dajin Kamuku, sake farawa ɗaya na iya cinye maka damar da ka samu.

Na uku, RAM daban, ma'ajiya daban. Goge hotuna ba ya ƙara RAM. Ƙarin RAM da wasu wayoyi ke talla da shi, irin Memory Fusion na Tecno ko RAM Plus na Samsung, aro ne daga ma'ajiya, kuma bai kai na gaske sauri ba. In za ka sayi waya ka tambayi RAM na ainihi nawa ne.

Mai son ganin abin da idonsa ya sauke DOSBox, ko ya girka FreeDOS a cikin VirtualBox, ya rubuta MEM ya ga yadda aka raba filin. Masu karatun kimiyyar kwamfuta kuma, Microsoft ta saki lambobin MS-DOS 1.25 da 2.0 a GitHub a 2018, ta ƙara da 4.0 a 2024, kuna iya karanta COMMAND.COM layi-layi.

Wanda ya gwada misalin GARI ya faɗa mana abin da ya gani a kwament. Wanda kuma ya yi aiki da DOS a Kaduna ko Zariya ko nan Birnin Gwari, muna son jin wane saƙon kuskure ne ya fi ba shi ciwon kai. A tura wa abokai su ma su amfana.